Rasuwar Ma'aji, Mai Riƙe Sunayen Tudun Wada

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta rasa inda za ta zuba saura, ni Malam Nagoda Mai Hoto, na bakin titin Tudun Wada a Zariya, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a bencina ya gyara hularsa, rasuwar Ma'aji, rumbun ajiyar hotunana, wanda masu kwamfuta ke kira had dis. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, yana da shekara goma sha ɗaya, a kan teburin da ya zauna tun zuwansa.

Ni na fara ganin irinsa a unguwar nan kaf. Lokacin da 'yata Jannatu, wadda ke aiki a unguwar Kongo nan cikin gari, ta kawo shi cikin jakarta, mutanen layinmu sun ɗauka akwatin sabulu ne. Wani har ya sunsuna shi. Ni kuwa ina ɗora shi a tafin hannu na ji nauyinsa na ce wannan ɗan baƙin abu zai haɗiye shagon nan duka kuma ba zai yi gyatsa ba. Haka aka yi. Ban yi boko ba, ko aji ɗaya, kuma Jannatun ce ke rubuta wannan sanarwa ina faɗa mata, tana karanta mini abin da ta rubuta don kada ta rage mini magana. Amma shekara hamsin ina kallon duniya ta cikin gilashi. Na ga zuwan hoto mai kala, na ga zuwan kamarar da ba ta cin fim, na ga ranar da kowace yarinya ta zama mai hoto da wayarta. Mu takwas ne masu hoto a tsakanin nan da Kwangila. Bakwai sun rufe, wasu sun koma sayar da katin waya, wasu ƙasa ta rufe su. Ni ina nan.

Wajibi ne in faɗi halin marigayi, domin ba a san darajarsa ba sai an san aikin da ya gada.

Tun ina saurayi dokar shagona ɗaya ce. Duk wanda na ɗauka hoto, shi zai rubuta sunansa da hannunsa a bayan ambulan ɗin da zan sa fim ɗinsa. Mai boko ya yi da boko, mai ajami ya yi da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya jira na bayansa a layi ya rubuta masa. Da haka na tara ambulan buhu tara, ni da ban iya karanta ko ɗaya ba. Da gara ta fara shiga buhunan, Jannatu ta zo da na'urar da ke kwafe fim ta mai da shi hoton kwamfuta. Shekara uku muna wannan aiki, kowace Asabar. Ita ta karanta ambulan, ni in ƙara abin da na sani: wannan ɗan gidan wane ne, wannan shekarar da aka yi ruwan da ya rushe katangar makaranta ce, wannan ta zo ne ba da sanin yayanta ba. Hoto dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da shida muka zuba wa Ma'aji, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

To ga inda ya fi sauran. Jannatu ta bayyana mini cewa yadda aka shimfiɗa cikinsa, kowane hoto yana da aljihu a jikinsa wanda ido ba ya gani. Suna da unguwa da shekara da duk wani ƙarin bayani, a aljihun nan ake sa su. Ba a rubuta su a kan fuskar mutum, ba a sa su a lambar hoton. Ta so ta riƙa rubuta sunan kowa a fili a matsayin sunan hotonsa, ta ce hakan ya fi tsaro. Na hana. Na ce mai hoto yana ganin abin da bai kamata ya rataya a ƙofa ba, a bar lamba a waje, a sa magana a aljihu. Ta ce, "Baba, ba kowane wurin ajiya ne ke da aljihun nan ba fa." Na ce ai ba kowane wuri za mu je ba.

Da muka gama, ambulan ɗin da gara ta rage na ba Ishatu mai ƙosai ta bakin layi. Wata biyu mutanen Tudun Wada suna cin ƙosai a cikin sunayen iyayensu. Na yi hakan ne da cikakken hankali, domin na amince da Ma'aji, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Jannatu ta bar mini tsohuwar kwamfutarta a shago, na iya kunna ta, na iya kashe ta. Dokar shago kuwa ba ta canja ba. Mutum zai shigo ya ce, Baba, ko kana da hoton mahaifiyata? Sai in juya masa kwamfuta in ce rubuta sunanta da hannunka. Yana gama rubutawa sai ka ji Ma'aji ya yi ƙirr, ƙirr, kamar mai laluben aljihu, sai ga fuska ta fito. Na ga ƙato mai gemu ya zauna a ƙasa yana share ido da hula. Na ga wata Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki saboda ta ga irin ɗaurin ɗankwalin da ta yi a shekarar aurenta. Marigayi bai taɓa tona asirin kowa ba, bai taɓa haɗa sunan wani da fuskar wani ba. Da safe in na kunna shi yakan yi wani ɗan gurnani, hummm, irin na dattijon da aka tasa daga barci amma ba zai yi faɗa ba. Wannan ita ce iyakar ƙorafinsa a shekara goma sha ɗaya.

Ciwon ajalinsa ma ni na fara ganewa. Wata Laraba na kunna shi, a cikin gurnanin nan na ji wani ɗan ƙyat. Babu wanda ya ji sai ni. Na kira Jannatu na ce Ma'aji ba shi da lafiya. Ta kasa kunne ta ce ita ba ta ji komai ba. Bayan kwana huɗu ƙyat ɗin ya zama ƙyat, ƙyat, ƙyat, har mai shayin da ke gefena ya leƙo yana tambaya ko agogo na saya. A ranar Jannatu ta sayo filas babba, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta kwashe hotunan duka ta zuba a ciki. Washegari aikin ofis zai kai ta Kaduna na kwana biyar. Ta damƙa mini filas ɗin ta ce, "Baba, ka sa a akwati. Kada a taɓa komai a ciki sai na dawo." Na ce ai ba yau na fara riƙon amana ba.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda ya faru, don na ji ana ta ƙara masa gishiri a wurin mai shayi.

Wani ya zo yana son a wanke masa hoton kakansa a kan kati, ranar Lahadi za a tafi da shi ƙauye. Ni ba ni da injin buga hoto, a Kwangila ake buga mini, a shagon Innocent mai gyaran kwamfuta, kuma Jannatu ce kullum ke kaiwa. Na ga bai dace in mai da mutum hannu wofi ba don 'yata ta yi tafiya. Na ɗauki filas na hau keke napep na tafi da kaina. Innocent ya soka shi a kwamfutarsa, na tsaya a bayansa ina kallo. Sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Kowane hoto yana da ɗan tagwai a kusa da shi, lamba iri ɗaya, amma da ɗigo da ɗan layi a gabanta. Na ce ya buɗe ɗaya. Ya ƙi buɗuwa. Na ce ya buɗe wani. Shi ma haka. Dubu goma sha huɗu, duk kurame.

Ni na san bairos, cutar kwamfuta. Na san shi tun kafin yaran yanzu su san ana sa wa waya caji. Na ce, Innocent, ciwon Ma'aji ya bi hotunan nan, share su.

Ya juyo ya dube ni. Innocent a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Ya ce, "Baba, wannan ba bairos ba ne. Na sha ganinsu in Jannatu ta kawo aiki. Ban san abin da ke cikinsu ba, amma ba sa cizo. A bar su har ta dawo mana."

Na ce abin da ba ya buɗuwa, ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma ya hayayyafa dubu goma sha huɗu a kwana ɗaya, in ba cuta ba ne mene ne?

Ya ce, "To bari in kira ta."

Na ce, Innocent, ranar da aka kai ka coci aka yi maka baftisma, wa ya ɗauki hoton? Kana ta tsala kuka, babanka ya rasa yadda zai riƙe ka. Yau kai ne za ka nemi izinin 'yata kafin ka ji maganata?

Ya juya ya fuskanci kwamfuta. Can ya ce, "Baba, ka shaida kai ka ce." Na ce na shaida, mutanen shagon nan ma su shaida. Ya danna. Ko minti uku ba a yi ba filas ya yi fes, hotuna kawai, ba ko tagwai ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. Da na ga wuri ya samu, na sa ya zuba mini bidiyon walimar wani maƙwabcina da ya daɗe yana roƙo in ajiye masa. Na dawo gida ina jin na ceci Tudun Wada.

Ranar Talata na kunna Ma'aji. Bai yi gurnaninsa ba. Ya yi ƙyat sau uku, na ukun a hankali, sai 'yar fitilarsa ta tsaya ba ta ƙyaftawa. Na ɗora hannu a bayansa na ji ba motsi.

Da Jannatu ta dawo ta soka filas a kwamfuta ta rubuta sunan mahaifiyarta, babu abin da ya fito. Ta rubuta nawa, babu. Na ba ta labarin yadda na kashe bairos. Ba ta ɗaga murya ba, tarbiyyata ce. Ta zauna ta ce, "Baba, filas riga ce marar aljihu. Da kwamfutata ta ga haka, sai ta ɗinka wa kowane hoto 'yar jaka daban, ta juye abin da ke aljihunsa a ciki, ta ajiye a gefensa. Jakunkunan nan ka sa aka zubar." Na ce to me ya sa ba su buɗuwa a wurin Innocent? Ta ce kwamfutarsa ba yarensu ɗaya da tata ba. Na ce wannan kuma ba laifina ba ne. Ta ce haka ne, wannan ɗin ba laifina ba ne.

Innocent ya rufe shagonsa kwana biyu yana ƙoƙarin tono abin da aka share, ban roƙe shi ba. Jaka sittin da ɗaya ya samo. Sauran bidiyon walima ya kwanta a kansu. Na kalli bidiyon nan daga baya, rabinsa mutane ne ke cin shinkafa. Shi kuwa Ma'aji, Innocent ya kara shi a kunne ya girgiza kai ya ce allurar da ke karanta cikinsa ta faɗa kan faifan ta karce shi.

Marigayi ya bar hotuna dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da shida, duk suna cikin ƙoshin lafiya, sittin da ɗaya ne kawai suka san sunansu. Ya bar tsohuwar kwamfuta, abokiyar zamansa, wadda har yanzu in an kunna ta takan tsaya tana nemansa. Ya bar igiyarsa mai baki biyu da na naɗe da salatif. Ya bar filas, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, ba a ɗinka shi da aljihu ba ne kawai. Ya kuma bar ni, mai shekara saba'in da shida, wanda yanzu duk abin da ya rage na sunayen nan yana cikin kaina.

Da a nan abin ya tsaya da ban sa an rubuta sanarwa ba. Kaina ba ƙaramin rumbu ba ne. A mako na farko ni kaɗai na mayar wa hoto ɗari huɗu sunayensu.

Kwana tara bayan rasuwar, wata mata ta yi sallama a ƙofar shago, da goyo a bayanta. Ta ce sunanta Bahijja, daga Dutsen Abba take. Mahaifinta Yusha'u direban babbar mota ne, yana kai tumatir kudu, ya rasu a hanya lokacin mahaifiyarta na da cikinta wata shida. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Gidansu babu hotonsa, lasisinsa ya tafi tare da shi, danginsa kuma baƙi ne a garin nan, sun koma inda suka fito tun tana jaririya. Mahaifiyarta ta rasu bayan ƙaramar salla, kuma a ciwonta na ƙarshe ta ce mata, hoto ɗaya ya taɓa ɗauka, na lasisi, a wurin Nagoda na Tudun Wada, ki je ki tambaya.

Ta ce, "Baba, an ce mini in na rubuta sunansa zai fito."

Na ce, 'yata, zauna tukuna.

Na san Yusha'u. Wallahi na san shi. Dogo ne, yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan. Ya sa ni dariya ranar da ya zo, don na ce ya cire hula ya ce in ya cire jami'an hanya ba za su gane shi ba, ba su taɓa ganinsa ba hula ba. Na tuna muryarsa. Na tuna ranar da Jannatu ta karanta ambulan ɗinsa na ce ta ƙara a aljihu: direban tumatir, Allah ya jiƙansa. Amma hoton fasfo ba ya tafiya, ba ya dariya. Kowa a cikinsa ya ɗaure fuska ya zuba wa gilashi ido. Na zauna kwana uku ina duba mazan da na ɗauka a shekarun nan, sun fi dubu biyu. Na tace, na sake tacewa, har suka rage uku. Na tabbata yana cikin ukun nan. Daga nan kaina ya tsaya.

Da ta dawo na nuna mata su. Ta daɗe tana kallo. Ta ce na farko goshinsa irin nata ne, na biyu kunnuwansa irin na ɗanta ne, na uku kuma ba ta san dalili ba amma ta kasa ɗauke ido daga kansa. Sai ta juyo ta ce, "Baba, kai ka san shi. Wanda ka nuna mini shi ne."

Ku ji ni da kyau, mutanen Tudun Wada. Da na ɗora yatsa a kan kowane ɗaya, da ta yi godiya ta tafi, babu mai ƙaryata ni har abada. Da ta buga shi babba ta rataya a ɗakinta, ta riƙa nuna wa 'ya'yanta tana cewa ga kakanku, alhali wataƙila uban wani ne a cikinku. Ma'aji shekara goma sha ɗaya bai haɗa sunan wani da fuskar wani ba. Ni da na sa aka zubar da jakunkunansa ba zan fara a bayan idonsa ba. Na ce mata ta dawo ranar Asabar.

Ga yadda za a yi jana'iza. Na tambayi Liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ya kuma ce in rage yawan magana, na karɓi ta farkon. Ba za a binne marigayi a ƙasa ba, domin Jannatu ta ce wata rana ana iya samun likitan da ya fi na yanzu. Za a naɗe shi a baƙin ƙyallen da nake rufa da shi lokacin kamara mai ƙafa uku, a sa shi a akwatin ƙarfe tare da kamarar, su yi hirarsu.

Zaman makoki kwana uku ne, daga Asabar zuwa Litinin, a ƙofar shagona. Mata da safe daga ƙarfe tara, maza bayan la'asar. An ari babban talabijin, za a riƙa nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ba a son kowa ya kawo hatsi ko goro. Wanda ya ga fuskar da ya sani ya ɗaga hannu, ya zo ya rubuta sunan da hannunsa yadda aka saba a shagon nan. Wannan karon suna zai zauna a wuri uku: a fili a jikin lambar hoton kamar yadda Jannatu ta so tun farko, a babban littafi mai bango, da kuma a bayan kati ga wanda ya sa aka buga masa. Maganar da ba ta dace a rataya a ƙofa ba, ta tafi tare da Ma'aji, kuma na san akwai waɗanda za su yi barci mai daɗi da jin haka. Innocent zai zo da mutanensa na Kwangila, don hotunan bukukuwansu da na cocinsu sun kai dubu a ciki. Ana roƙon wanda yake da tsoho a gida ya kamo hannunsa ya kawo shi, musamman tsofaffin direbobi da 'yan kamashon tasha da dillalan tumatir. Hotuna uku za a fara nunawa kowace rana, kuma Bahijja za ta zauna a benci na gaba.

Na ji ana cewa Nagoda ya tsufa, kansa ya fara ƙyat ƙyat kamar na rumbunsa. Na ji wanda ya faɗa, na kuma san hoton ubansa, yana sanye da rigar aro. To ga fili. Duk mai shakkar cewa babu wanda ya kai ni sanin fuskokin garin nan, ya zo ranar Asabar ya tsaya a gaban jama'a. Mutum uku ne a talabijin, ɗaya Yusha'u ne direban tumatir. In ka isa, ka riga ni nuna shi, ka kawo shaidar da za ta gamsar da dattawa. Ranar nan zan cire hulata in ce an fi ni, da bakina, kowa yana ji. Ina nan zaune tun ƙarfe tara, in ga wanda zai iya.